Akuyar Da Alhaji Ya Bari A Kansas

Wasiƙa daga wani dattijo a Zariya:

"Assalamu alaikum. Ni tsohon malamin gona ne, na yi ritaya, shekaruna 74. A 1974 aka tura ni karatu Jami'ar Jihar Kansas a Amurka. A 1975 na sayi motar Pontiac GTO ƙirar 1969, koriya shar, a hannun wani soja, dala 900. Shekara uku ina hawanta. Ni da wani abokina da muka tafi tare, Allah ya jiƙansa, babu inda ba mu leƙa da ita ba. Da zan dawo gida a 1978 na sayar da ita dala 800, na haɗa lefen matata, na sayo wa mahaifiyata keken ɗinki. Kwanan baya ɗana da ke zaune a Michigan ya turo mini bidiyon wani gwanjo, na ga an sayar da GTO dala miliyan ɗaya da dubu ɗari. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Na samu wata irin tawa a intanet, dala 45,000, ina so in sayar da gonata in saya a kawo mini. Hajiya ta ce ba da yawunta ba. Cikin fushi na ce mata ai saboda lefenta na yi asarar wannan dukiya. Yau mako uku, tana kawo mini abinci, tana gaishe ni, amma ta daina zama hira. Yara duk suna bayanta. Laifi ne mutum ya nemi abin da yake so kafin ya mutu?"

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya jiƙan abokinka.

Ba laifi ba ne, kuma ba zan yi maka dariya ba. Na taƙaita wasiƙarka saboda fili, amma ni na karanta ta duka, shafi biyu cif. Na ga yadda ka kwatanta rugugin inji da asuba cikin sanyi, yadda motar ke jijjiga kafin ta ɗau zafi, da ranar da kuka tsaya bakin tafkin Tuttle Creek kuka yi sallar la'asar a kan bargo. Wanda bai taɓa son ƙarfe ba ba zai gane ba. Mahaifina yana da Fijo 504 da ya sayar ina ɗan sakandare, har ya rasu idan ya ga irinta a titi sai ya bi ta da kallo har ta sha kwana. To ina ga motar da Amurkawa da kansu suka yi wa laƙabi da "Goat", wato akuya, wai saboda haruffan sunanta, wadda har yau manyan mutane ke zubar mata da hawaye?

Sai dai ka ba ni dama, a matsayin ɗa, in fara rage wa wancan bidiyo ƙarfi, don shi ne ya hana ka barci.

Gwanjon sananne ne. Kamfanin Mecum ne ya yi shi a Kissimmee, jihar Florida, a Janairun 2023. Motar da ta yi wannan kuɗi ƙirar 1970 ce, samfurin Judge, mai buɗaɗɗen rufi, da injin Ram Air IV. Waɗanda aka ƙera a haka ba su kai 20 ba a duniya. Taka kuwa ɗaya ce daga cikin GTO sama da 72,000 da Pontiac ta fitar a 1969. Suna ɗaya suke amsawa, amma ba gidansu ɗaya ba, kamar yadda duk mai suna Ɗantata ba shi ne attajirin Kano ba. Kai da kanka ka kawo hujja: wadda ka ce irin taka ce, dala 45,000 aka sa mata. Kuɗi ne masu yawa, amma ba miliyan ba ne. Tun daga nan asararka ta ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari, ba ka ma tashi daga kujera ba.

Ragowar ma mu duba ta. A ce ba ka sayar ba. Ina za ka ajiye ta? Kai kana Samaru, mota tana Kansas. A ce ka samu gareji mai arha, dala 50 a wata, ka biya na shekara 45 kawai: dala 27,000 ke nan, ba a yi maganar inshora ba, ba a sa mata ko fulogi ɗaya ba. Kuma mota ba zinariya ba ce da za a ƙulle a adaka. Idan ta daɗe a tsaye roba tana bushewa, mai yana daskarewa a kafireto, birki yana cijewa, ɓeraye suna yin gida a kujeru. Ka tuna gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara? Shi ne ajalin yawancin waɗannan motoci. Yana cin ƙasan mota daga ciki, ya huda bene, ya huda but, sai ka ɗaga tabarma ka ga titi. Waɗanda ake kaiwa gwanjo suna ƙyalli, mafi yawansu an kashe musu kuɗin gyara da ya kusa kuɗin da aka saye su, wani lokaci ma ya zarce. Da kuma a jirgin ruwa ka kawo ta Legas a 1978, lokacin da PAN ta Kaduna ta cika ƙasa da Fijo, kowane bakanike ita ya sani, ka san ƙarshen labarin. Ranar da giya ta lalace za a jingine ta ƙarƙashin darbejiya, kaji su yi ƙwai a ciki, wata rana 'yan gwangwan su auna ta a sikeli.

Akwai wani abu da ban sani ba ko ka taɓa haɗa shi, ni kuwa da na karanta wasiƙarka shi ya fara zuwa mini. Me ya sa ɗalibi ɗan Zariya ya iya sayen GTO da kuɗin alawus?

Wannan mota ta fito a 1964, lokacin da John DeLorean da abokan aikinsa a Pontiac suka ɗauki babban inji mai silinda takwas suka cusa a matsakaiciyar mota. Samarin Amurka suka yi ca a kanta, a 1966 kaɗai an sayar da kusan 97,000. Ford da Chevrolet da Dodge da Plymouth duk suka biyo sahu, ana gasar ƙarfin doki. Ba a yi shekara goma ba abin ya mutu murus. Kamfanonin inshora suka ɗora wa samari masu irin waɗannan motoci kuɗi mai nauyi. Dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta a rage wa injuna ƙarfi don su sha man da ba shi da dalma. Sai babbar guduma ta sauka a Oktoban 1973, da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai. Gangar mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12, aka yi ta layi a gidajen mai, a Janairun 1974 Shugaba Nixon ya sa hannu a dokar da ta ƙayyade gudu a mil 55 a awa. Motar da aka yi ta don gudu da shan mai, an hana gudu, mai ya yi tsada. Kowa ya shiga neman kai da ita. Shi ya sa sojan nan, wanda nake zaton daga barikin Fort Riley da ke kusa da ku yake, ya sallama maka ita a dala 900.

To wannan tsadar man da ta karya darajar motar, ita ce ta cika baitulmalin Najeriya. Ita ta kawo ƙarin albashin Udoji, ita ta sa gwamnatoci suka riƙa tura yara karatu waje kamar ba gobe. Dama akwai tsohuwar alaƙa tsakanin Jami'ar Jihar Kansas da Jami'ar Ahmadu Bello tun shekarun 1960, wajen kafa sashen noma da na likitan dabbobi, shi ya sa 'yan Samaru da yawa can suka nufa. Iskar da ta kai ka Kansas ita ce ta kaɗo maka motar a arha. Ka saya lokacin da ba mai so, ka more ta shekara uku, ka sayar lokacin da ba mai so, dala 100 kacal ka rasa. A 1978 babu wanda ya ɗauke ta a matsayin kayan tarihi. Amurkawan da suka ƙera ta ma a wulaƙance suke sayarwa. Yaya za ka hukunta saurayi ɗan shekara 27 don bai san abin da mutanen Detroit ba su sani ba? Kuma dala 800 ɗin nan, a lokacin da naira ta fi dala ƙarfi, wajen naira 500 ce, kuɗin da ya yi aure ya yi keken ɗinki.

Ka fi ni sanin hadisin da ya hana mutum cewa "da na yi kaza, da kaza ya faru", domin kalmar "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa. Ba wa'azi zan yi maka ba. Ina dai nuna maka cewa a gidanka an ga ƙofar da ta buɗe.

Yanzu maganar sayen wata.

Kada ka sayar da gonar nan, Baba. Idan dala tana naira 1,500, dala 45,000 ta haura naira miliyan 67, kafin kuɗin jirgi, kafin fito, kafin abin da za a sha da kai a tashar ruwa. Kwastan ma suna da iyakar shekarun tsohuwar motar da aka yarda a shigo da ita, motar da ta haura shekara 50 kuwa ta wuce wannan iyaka nesa ba kusa ba, sai ka shiga neman alfarma. A ce ta iso Zariya lafiya. Injin lita 6.6 ne, tankinta kusan lita 80, lita ɗaya da ƙyar ta kai ka kilomita biyar, ga tallafin mai an cire tun Mayun 2023. Kuma man da aka yi injin don shi, mai dalma mai ƙarfi, an daina sayar wa motocin titi shi ko a Amurka. Wanda muke sha a nan zai sa ta riƙa ƙwanƙwasa sai an sake mata saiti. Idan wani abu ya karye a kafireton Quadrajet, ba ka da shi a Panteka, ba ka da shi a Ƙofar Ruwa, sai ɗanka ya aiko, ka jira wata guda, sannan ka nemi wanda zai ɗaura bai ɓata ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne cinikin biri a sama. GTO tana cikin motocin da aka fi yi wa jabu, domin jikinta ɗaya da Pontiac LeMans. Mutum zai sayi LeMans mai arha, ya canja bonet da bamba, ya manna tambari, ya ɗauki hoto mai kyau. Masana suna duba lambar shasi, wadda a GTO ta 1969 take farawa da 242, su duba ko lambar inji ta dace da ita, su nemi takardar masana'anta. Ban da jabu akwai 'yan damfara zalla, masu ɗauko hoton motar wani su sa a intanet, su ce a tura kafin alƙalami. Dattijo mai ɗoki, daga wata ƙasa, wanda ba zai iya zuwa ya leƙa ƙarƙashin mota ba, shi suke addu'ar samu.

Zan faɗi wata magana da masu son waɗannan motoci ba sa son ji. Ba ta kai yadda kake tunawa ba. Ƙarfin doki 350 da aka rubuta mata, da tsohon ma'auni aka auna, inji tsirara a kan benci ba salansa ba komai, shi ya sa da aka canja ma'auni a 1972 lambobin duk suka zube. Camry mai silinda shida da ke yawo a Kaduna yau ba za ta bari ta tsere mata ba, kuma za ta riga ta tsayawa idan akuya ta gaske ta gitta. Yawancinsu birkin ganga ne, sitiyari yana lilo, ba jakar iska, kujera ba ta riƙe mutum a kwana. Ɗan shekara 24 bai damu da wannan ba. Gwiwar ɗan shekara 74 da bayansa za su damu, musamman a hanyar Zariya zuwa Funtuwa.

Akwai wanda ya yi abin da kake mafarki. John Schnatter, wanda ya kafa gidajen abincin Papa John's, ya sayar da Camaro ɗinsa ƙirar 1971 a 1983 kan dala 2,800 don ya ceto sana'ar mahaifinsa. A 2009 ya gano ta, ya biya dala 250,000. Amma lura, tasa ya nema, ba irin tasa ba, kuma da rarar kuɗi ya saya, bai sayar da abin da iyalinsa ke ci ba. Wadda ka gani a intanet ba ita ce abokinka ya zauna a gabanta ba. Ba ta san Tuttle Creek ba. A wasiƙarka sau ɗaya ka ambaci miliyan, abokin nan kuwa na ƙirga, sau bakwai. Ina jin tsoron ka sayar da gona, mota ta iso, ka zauna a ciki, ka waiwaya dama ka ga kujera ba kowa.

Mu dawo gida, inda matsalar take.

Magana zarar bunu ce. Abin da Hajiya ta ji ba maganar mota ba ce. Ta ji mijinta na shekara arba'in da ɗoriya ya auna ta da ƙarfe, ya ce ƙarfen ya fi nauyi. Ta ji an ce aurenta asara ne. Kai ka san ba haka kake nufi ba, ita ma wataƙila ta sani, amma an faɗa, kuma kunnenta ya ji. Matar da ta ci gaba da kawo abinci da gaisuwa ta daina hira, ba gaba take yi ba, tana sauke haƙƙinka ne tana jiran nata. Kada ka aika yara, kada ka aika ƙanwarka, kada ka sayo atamfa ka ajiye a kan gado ka ɗauka an wuce wurin, irin yadda iyayenmu maza suka saba. Ka shiga ɗakinta da kanka bayan isha'i, ka zauna, ka ce ka yi kuskure, ka nemi gafara. Sannan ka faɗa mata gaskiyar lissafin: a 1978 an ba ka zaɓi tsakanin mota da ita, ba wanda ya tilasta ka, ka zaɓe ta. Ina kyautata zaton ba ta taɓa jin labarin ta wannan fuska ba. Ba mamaki ma ba ta taɓa jin labarin Kansas ɗin sosai ba, sai gutsure-gutsure idan baƙi sun zo. Ka ba ta shi duka, har da sallar bakin tafki, har da abokinka. Kukan da ka ƙi yi masa ne nake zargin ya fito ta bakinka a matsayin faɗa.

Kuma a maganar gona ita ke da gaskiya. Fansho yau a biya gobe a ƙi, gona kuwa kowace damina tana magana. Malamin gona ba sai na gaya masa ba.

Amma ban ce ka haɗiye son ka yi shiru ba. Allah ya taimake ka, ɗanka a Michigan yake, mahaifar waɗannan motoci. Duk shekara, Asabar ta uku a watan Agusta, ana yin taron Woodward Dream Cruise a kan titin Woodward, wanda ya tashi daga Detroit ya nufi garin Pontiac, titin da ake cewa injiniyoyin kamfanin suna gwada GTO a kansa da dare a zamaninta. Tun 1995 ake yi, dubban tsofaffin motoci suna fitowa, kallo kyauta. Kamfanin Pontiac an rufe shi tun 2010, amma masu motocin suna nan, suna da ƙungiya, GTO Association of America, mai rassa a jihohi. Yawancinsu sa'anninka ne, masu furfura, kuma babu abin da suke so kamar a tambaye su labarin motarsu. Ɗanka ya rubuta wa reshen da ke kusa da shi, ya ce mahaifinsa ya taɓa mallakar ƙirar 1969 a Kansas, zai zo daga Najeriya. Zan yi mamaki idan ba a samu wanda zai ɗauke ka ya zaga da kai ba. Kuɗin tikitin mutum biyu bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da kake shirin kashewa ba. Na ce mutum biyu, don da Hajiya za ka. A bar ta ta ga kishiyar tata ido da ido, ta ji ƙararta, ta shaƙi hayaƙinta, ta yanke hukunci da kanta ko ta cancanci mako uku na shiru.

Idan bayan ka hau, ka sauko, har yanzu zuciyarka tana kai, to sai a yi magana da ɗanka, a ga ko shi yana da hali da sha'awar sayen wata ya ajiye a can inda akwai kanikawanta da kayan gyaranta, ka riƙa hawa idan ka je. Wannan shawararsa ce da aljihunsa, kada ka ɗora masa.

Abu na ƙarshe, ka binciki tsohuwar akwatinka ta ƙarfe, wadda na tabbata tana nan, don mutanen zamaninku ba sa yar da takarda. Ka nemi katin inshora, ko rasiɗin gareji, ko takardar rajista ta Kansas. Lambar shasi za ka duba, mai haruffa da alƙaluma 13. Shafukan binciken tarihin mota na yanzu ba za su gane ta ba, don su daga 1981 suka fara, lokacin da lambar ta koma 17. Amma akwai Pontiac Historic Services a Michigan, idan aka ba su lambar da ɗan kuɗi kaɗan suna aiko da kwafin takardar da masana'anta ta fitar da motar, da launinta, da dilan da aka fara kai wa. Da lambar kuma ɗanka zai iya cigiya a wurin 'yan ƙungiyar. Mai yiwuwa an narkar da ita tun zamanin Shagari, wannan shi ya fi kusa, ka shirya wa jin haka. Mai yiwuwa kuma tana garejin wani tsoho a Nebraska. Idan ka samu takardar, ka duba ko ta fara da 242, don sojoji ma suna sayar da LeMans. Ka rubuto mini abin da ka gani, da abin da Hajiya ta ce.